Takin Gida: Abin da Kwandon Shara Zai Iya Ba Mu a Fagge da Sabon Gari

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau maganar shara za mu yi, amma ba wadda za a kwashe a kai bola ba. Za mu yi magana ne a kan wadda za a riƙe a gida a mayar da ita taki. Na fi karkata ga mutanen Fagge da Sabon Gari, domin a nan ne jama'a suka yi yawa, fili ya yi ƙaranci, kuma a nan ne mutum zai fi saurin cewa, "Malam, ni da ko wurin shanya ban da shi, ina zan yi taki?" Amsar tana tafe. Wanda yake jin mu daga Gwale ko Dala ko Tarauni, shi ma ya gyara zama, da shi ake.

Duk wanda ya bi ta ɓangaren masu kayan gwari a Kasuwar Sabon Gari da yamma liƙis, ya san abin da ake bari a ƙasa bayan an tashi: tumatir da ya fashe a gindin kwando, ganyen kabeji na waje da aka ɓare, lawashin albasa da ya yanƙwane, ɓawon kankana, ɓawon lemo, tukar rake. Haka abin yake a kasuwar Yankura. Kafin gari ya waye an share shi an haɗa da leda da robobi da kwalabe, wani ya tafi juji, wani ya gangara kwata. In watan Agusta ya zo ruwa ya sauka da ƙarfi, kwatar da ta toshe sai ta amayo mana kayanmu har ƙofar gida. In kuwa rani ne, a cinna wa jujin wuta, yara da tsofaffi masu ciwon ƙirji su kwana suna shaƙar hayaƙi.

Abin da yake ci mini rai shi ne, Kano ba ta saba da zubar da wannan dukiya ba. Iyayenmu sun san darajarta. A da, in rani ya yi, manoman karkarar da ke kewaye da birni sukan koro jakuna ɗauke da itacen girki su shigo gari su sayar, in za su koma kuma a cika musu mangala da taki: kashin awaki da tumaki daga turke, toka daga murhu, sharar tsakar gida. A kai gona a zuba tsibi-tsibi, a jira ruwan fari. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero a nan Kano, ya yi nazarin wannan karkara tun shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake nome gona ɗaya kowace shekara ba a bar ta ta huta ba, jama'a ga su nan cunkus, amma ƙasar ba ta mutu ba. Babban dalili shi ne takin nan. Birni yana cin abin da ƙauye ya noma, sannan ya mayar masa da abin da zai sake noma wani.

Har gobe manoma suna sayen sharar gari, sai dai tifa ta maye gurbin jaki. Amma ku tambayi duk manomin da ya sayi tifa guda a 'yan shekarun nan, zai gaya muku wahalar da ya sha wajen tsince leda. Ledar ruwan sha, baƙar ledar cefane, ƙunzugun yara na zamani, fasasshen gilashi, tsohon batir, wani lokaci har da allurar da aka yi amfani da ita. Leda ba ta ruɓewa, tana hana ruwa ratsa ƙasa, akuya ta haɗiye ta ta rame ta mutu. Batir kuwa guba yake tsiyayarwa cikin ƙasar da za a shuka abin da za mu ci. Ba sharar ce ta lalace ba, mu ne muka riƙa cakuɗa mai amfani da mai cutarwa a kwando ɗaya. Kuma da zarar sun cakuɗu, babu injin da zai raba su da sauƙin da uwargida za ta raba su tun a bakin madafi.

Don haka aikin farko, kafin a yi maganar rami ko bokiti, mazubi biyu ne. Ɗaya na abin da yake ruɓewa, ɗaya na wanda ba ya ruɓewa. Wanda ya yi wannan kaɗai ya ci rabin aikin.

Bari in yi saurin cewa wani abu, kada a fahimce ni baibai. Ban ce a ƙwace wa dabbobi abincinsu ba. A gidajenmu da ma ba komai ake zubarwa ba. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, ƙanzo a jiƙa a ci ko a busar a sayar wa masu kiwo, ƙasari da dusa na tumaki ne, ɓawon doya da na dankali akuya tana jira. Wannan tsari ya fi taki, a bar shi yadda yake. Akuyar ma in ta ci, taki za ta ba ki. Abin da muke nema shi ne wanda ya saura: wanda ya ruɓe har dabba ba za ta ci ba, da sharar ganye, da abin da aka share daga turke da akurki, da na gidan da babu ko kaza.

(Gajeren kiɗa)

To yaya taki yake haɗuwa? Ba mu muke haɗa shi ba. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna cikin ƙasa da jikin ganye da kashin dabba, su ne suke cinye sharar su mayar da ita baƙar ƙasa. Namu kawai mu tanadar musu abu huɗu: ɗanyen kaya, busasshen kaya, laima da iska.

Ɗanyen kaya shi ne mai ruwa a jiki, mai saurin ruɓewa. Ragowar kayan miya, ɓawon ayaba da na agada, karan alayyafo da na ugu da aka tsinke ganyensu, ɓawon mangwaro da na gwanda, ganyen shayin da aka tace, ɗanyar ciyawar da aka cire. Kashin awaki da tumaki da kaji da tattabaru shi ma a wannan layin yake, kuma shi ne mai ƙarfin cikinsu. Busasshen kaya kuwa shi ne busasshen ganyen darbejiya da na mangwaro da ake sharewa kullum, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, totuwar masara da aka daddatsa, karan dawa, kwali da aka yayyaga bayan an cire masa salatif, da garin katako. Mutanen Rijiyar Lemo kuna da 'yan katako kusa da ku, amma a nemi garin tsurar katako, ban da na falanki mai fenti ko gam ko maganin ƙwari.

Awon da za a riƙe shi ne, kwano 1 na ɗanye, kwano 2 ko 3 na busasshe. A nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe. Sai mutum ya tara ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon kankana zalla a bokiti ya rufe, bayan 'yan kwanaki ya buɗe wari ya kore shi, ya ce taki ƙazanta ne. Ɗanye shi kaɗai yana kwantawa ya danƙare, iska ta kasa shiga, sai wasu halittun da ba sa buƙatar iska su karɓi aikin, su ne masu warin. Busasshen kaya shi yake tsotse ruwan, ya buɗe ƙofofin da iska za ta bi. Takin da aka haɗa daidai ba ya wari. Ina so a ji wannan da kyau, domin a gidan haya maƙwabci ba zai yafe wari ba, kuma yana da gaskiya.

Laima kuma, iyayenmu mata kun fi kowa sanin awonta. Kamar tsakin da aka yayyafa wa ruwa za a turara dambu: in kin damƙa ya dunƙule, amma ruwa ba ya zuba ta tsakanin yatsu. In yana ɗiga, a ƙara busasshe. In ya watse bai dunƙule ba, a yayyafa ruwa. Ruwan wankin shinkafa ko na wanke kayan miya ya isa, amma ban da ruwan wanki mai omo ko bilic.

Akwai abin da ba a sakawa ko kusa. Nama, ƙashi, kan kifi, mai, da ragowar miya mai maiƙo da gishiri, waɗannan su suke gayyato ɓeraye da ƙudaje da karnuka. Kashin kare da na kyanwa da bayan gidan ɗan Adam suna ɗauke da cututtukan da takin gida ba ya kashewa. Toka kuwa a yi hankali da ita. Tokar itace tana da amfani, amma barbaɗawa ake yi kaɗan, domin in ta yi yawa tana korar ƙarfin takin ya bi iska. Tokar da aka ƙona leda ko roba ko taya a cikinta, a kai ta bola. Ɓawon ƙwai a murƙushe shi a zuba, yana daɗewa amma ba ya cutarwa.

Yanzu mu shiga gida. Mu fara da irin gidajen Fagge na gado, masu zaure da tsakar gida da ɗan lungu a bayan ɗaki ko kusa da turke. Maigida, fili mai faɗin taku guda da tsawon taku guda ya ishe ka, wato kamar mita 1 kowane ɓangare. A zaɓi inuwa, nesa da rijiya, kuma kada a jingina da katangar ƙasa, laima za ta ci gindinta. A jera bulo a kewaye ba tare da siminti ba, a bar 'yan ƙofofi tsakaninsu. A fara shimfiɗa kara ko totuwa a ƙasa domin iska ta samu hanya. A zuba busasshe kaurin tafin hannu, a bi da ɗanye, a watsa kashin dabba, a barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. A sake maimaitawa har tsibin ya kai ƙugu. A rufe da tsohon buhun algarara ko tsohuwar tabarma. Duk abin da aka kawo a daddatsa shi tukuna, domin ɓawon kankana guda zai daɗe, amma yankakke nan da nan zai narke.

Bayan kwana 3 ko 4, soka rodi ko tsohuwar adda a tsakiya, bar ta jim kaɗan, zaro ka taɓa. Za ka ji ta da zafi. Tsibin da ya kama aiki yakan kai digiri 55 zuwa 65, da sanyin asuba har tururi za ka ga yana tashi. Kada ka tsorata, wannan zafin shi ake nema, shi yake kashe irin ciyawa da ƙwan tsutsar ciki da yawancin cututtukan da ke cikin kashin dabba. Duk mako ɗaya ko biyu a juya da shebur ko fartanya, na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya dawo gefe. Juyawar nan ita ce ba shi iska. Malalacin tsibi da ba a juyawa shi ma zai nuna, sai dai ya ɗauki wata shida ko fiye, alhali wanda ake juyawa wata 2 zuwa 3 ya ishe shi a irin zafin Kano.

Kowane lokaci na shekara da irin kulawarsa. Da hunturu iska tana busar da tsibi har aikin ya tsaya cak, don haka a riƙa yayyafa ruwa, a kuma rufe sosai. Wanda yake da ikon haƙa rami mai zurfin gwiwa, a rani rami ya fi riƙe laima. Da damina kuwa rami tarkon ruwa ne, zai cika ya zama taɓo mai wari, gara a yi tsibi a kan tudu a ɗora masa tsohon kwano. Sannan ga wata dama da muke bari tana wucewa kowace shekara. Da Babbar Sallah, abin da ake zazzagewa daga tumbin rago ko sa, ciyawa ce da dabbar ta riga ta niƙa, kuma da wuya a samu abin da ya fi ta saurin zama taki. Maimakon a tura ta kwata unguwa ta ɗauki wari har mako guda, a cakuɗa ta da busasshen ganye a binne a tsakiyar tsibi, ban da jini da kitse.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu ga wanda ya yi tambaya tun farko, mazaunin bene a Sabon Gari, ko mai ɗaki ɗaya a gidan haya da ake tarayya a tsakar gida. 'Yar'uwa, nemi bokitin fenti babba, irin mai lita 20 mai murfi, ki wanke shi tas. A ɗora ƙusa a wuta a huda shi a jiki kewaye, a huda gindin, a huda murfin. A ɗora shi a kan bulo biyu, a sa tsohon faranti a ƙasa ya tari ruwan da zai ɗiga. A zuba garin katako ko yagaggen kwali a gindi. Kullum in kin gama girki, yayyanka ɓawon da kika tara ki zuba, sannan ki rufe shi da busasshe ninki biyu, har ya zama ba a ganin ɗanyen. Wannan rufewar ita ce sirrin bokiti, domin ƙuda ba ya yin ƙwai a kan abin da bai samu hanyar kaiwa gare shi ba. Ki ajiye buhun garin katako a gefen bokitin don kada ki taɓa rasawa. Sau biyu a mako ki juya da sanda. In ya cika, ki ajiye shi gefe ya nuna, ki fara na biyu.

Gaskiya ɗaya game da bokiti ita ce ba ya yin zafi kamar babban tsibi, saboda ƙanƙantarsa. Don haka yana iya ɗaukar wata 3 ko 4, kuma kada a sa masa ciyawa mai iri ko ganyen shukar da ta kamu da cuta. Kafin a ajiye shi a barandar da ake tarayya kuma, a yi wa maƙwabta da mai gidan bayani. Na fi son ma a ce gida guda ya haɗa kai a kan rabin durom ɗaya, kowane ɗaki ya kawo nasa, a sa mutum ɗaya ya riƙa juyawa. Da yawa ya fi yin zafi, ya fi saurin nuna.

In an buɗe aka ga tsutsa, kada a yi maza a zubar. Akwai wasu masu kauri, masu launin ƙasa-ƙasa, 'ya'yan wani baƙin ƙuda ne da ba ya sauka a kan abinci, suna cin shara da sauri, kaji kuma suna son su. Gwazarma da tana su ma ma'aikata ne. Amma in ƙananan fararen tsutsotsi ne tare da ƙudan gida, alama ce ta an bar ɗanye a buɗe ko an sa nama, sai a ƙara busasshe a rufe. In wari mai hawa kai ne irin na fitsari, kashin kaji ya yi yawa. In tururuwa ta yi gida a ciki, ya bushe ne, a ba shi ruwa a juya. In ɓera ya fara zarya, akwai dafaffen abinci a ciki, a daina sawa, a kuma tabbatar hudojin ba su fi kaurin fensir ba.

Takin da ya nuna baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana wargajewa a hannu, ya huce, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ba za ka iya nuna wannan ɓawon ayaba ne, wancan kabeji ne ba. A tankaɗe shi da rariyar waya, guntayen da suka rage a mayar cikin sabon tsibi. Kada a yi gaggawar zuba wanda bai nuna ba a gindin shuka, yana ƙone saiwa, kamar yadda ɗanyen kashin kaji yake yi. Mai shakka ya cika gwangwani ya shuka ƙwayar wake biyar. In sun tsiro lafiya ganyensu kore shar, ya nuna.

Me za a yi da shi? Kashi 1 na taki, kashi 2 ko 3 na ƙasa, a cika buhun siminti ko na shinkafa, a huda gindi, a ajiye inda rana take samu. Alayyafo, yakuwa, lalo, kuɓewa, attaruhu, na'ana'a, duk suna yi a buhu, ko a kan bene ne. Kada kuma a raina ɗan abin da bokiti ya bayar. A yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, manoma suna haƙa ƙananan ramuka a faƙon da aka fid da rai da shi, suna kiransu tassa, su zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwan sama ya samu hanyar shiga, gero ya tashi a inda ko ciyawa ba ta fitowa. A Burkina Faso da wannan dabara Yakuba Sawadogo ya mayar da faƙo daji, har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018.

Ba na cewa takin gida zai kori takin zamani. Buhu da buhu, NPK da yuriya sun fi shi ƙarfin abincin shuka nesa ba kusa ba. Amma akwai aikin da ba sa iyawa. Ƙasarmu jigawa ce mai yashi, ruwa yana wuce ta da sauri ya tafi da takin da aka saya da tsada, musamman tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashinsa, faɗuwar darajar Naira kuma ta ƙara masa. Takin gida shi yake ba ƙasa jiki, ta riƙe ruwa, ta riƙe na zamanin ma har shuka ta ci. Shi ya sa manomin da ya san abin da yake yi yake haɗa su biyun.

Wanda ba shi da sha'awar shuka komai, takinsa ba zai rasa mai so ba. Masu lambu a Kwakwaci da bakin kogin Jakara suna buƙata, masu rainon furanni da dashen itatuwa a bakin titi suna saye. Ina kira ga matasanmu masu kwasar shara da baro: gidajen abinci da masu sayar da kayan marmari a Sabon Gari kullum suna fitar da ɗanyen kaya tsantsa, kafin a cakuɗa shi da leda. Tsabtataccen taki da aka tankaɗe aka zuba a buhu haja ce. Ina kuma roƙon hukumar kwasar shara ta REMASAB da Ƙaramar Hukumar Fagge da shugabannin kasuwanni su duba yiwuwar ware ɗan fili da mazubi na daban don ruɓaɓɓen kayan gwari, domin duk abin da aka mayar taki a kusa, an rage wa motar shara sawu.

Abu na ƙarshe, lafiyar jiki. Mai juya taki ya sa takalmi, in da safar hannu ya sa, wanda yake da rauni a hannu ya bari sai ya warke. Mai asma ya ɗaure hanci in takin ya bushe yana ƙura. A wanke hannu da sabulu bayan an gama, a hana ƙananan yara wasa a wurin. Ganyen da ake ci ɗanye kamar salak, ko da takin gida aka noma shi, a wanke shi sosai kafin a kai baki.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan noman buhu, daga zaɓen iri har zuwa ban ruwa.

(Kiɗan rufe shiri)